Littafin Baba Maigadi

Ranar da aka kira ƙararmu a Babbar Kotun Jiha da ke zama a nan Zariya, ko minti ashirin ba mu yi a gaban alƙali ba. Na sha wanka, na sa babbar riga, na kwana ina bitar abin da zan faɗa, amma ko sunana ba a tambaye ni ba. Lauyan Alhaji ya miƙe ya karanto wani sakin layi daga takardar kwangilarmu, nawa lauyan ya ɗan yi 'yan kame-kame, alƙali ya yi rubutu ya ce an dakatar da shari'a, mu je mu bi hanyar da muka sa wa hannu. Da muka fito na ce, "Barista, an kore mu ne?" Ya ce, "Ba a kore mu ba, an maida mu inda kai da kanka ka yarda za ka je." Ni kuwa wallahi ban san na taɓa yarda da zuwa ko'ina ba.

Ni magini ne, ɗan magini. Mahaifina birkila ne a cikin birni, kuma har ya bar duniya bai taɓa sa hannu a takardar aiki ba, musafaha ce da Fatiha. Ni na yi difloma a fannin gini, na yi rajistar ɗan kamfani, amma a zuciya tarbiyyar tsohon nan ce ke tafe da ni. A watan Afrilun 2023 wani Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi, ya ba ni aikin ɗakunan haya na ɗalibai a wajen Samaru: bene hawa ɗaya, ɗaki 24, kowanne da banɗakinsa. Duk wanda ya san Samaru ya san babu jarin da ya fi wannan kwanciyar hankali, tunda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ba sa ƙarewa. Muka yi ciniki a kan naira miliyan 64, wata tara, biya kashi-kashi: na kama aiki, na fandesho, na dekin, na rufi, na gamawa. Ɗansa da ke aiki a Abuja ne ya zo da takarda mai shafi 19 da Turanci. Na duba kuɗi, na duba wa'adi, na ga an ce za a riƙe kashi 5 cikin ɗari sai bayan wata shida da miƙa makulli, wanda dama al'adar aikin ce, na sa hannu. Sakin layi na 27 yana can shafin kusa da ƙarshe. Ban kai can ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Tifar yashi ta tashi, tsakuwa ta tashi, rodi ya tashi, leburori suka ce kuɗin mota ya cinye ladansu. Na je wa Alhaji, ya ce, "Malam, ci gaba da aiki, ba za mu ɓata ba." Wannan kalma, ba za mu ɓata ba, ita na riƙe kamar rasit.

Kuma aikin bai tsaya yadda aka zana shi ba. Da muka haƙa, ƙasar ta nuna ruwa, injiniyan Alhaji ya rubuto cewa a ƙara zurfin fandesho. Bayan nan Alhaji ya turo min saƙon murya ta WhatsApp cewa a fitar masa da shaguna huɗu a gaba. Wata rana kuma yana tsaye a wurin ya ce kwanon da ke cikin lissafi bai yi masa ba, a sa dogon kwano na alminiyam. Duk na yi na'am. Da muka zuba dekin a watan Nuwamba, kuɗin wannan mataki ya ƙi fitowa. Kaka ce, kuɗin Alhaji duk sun tafi sayen masara a Giwa da sauran kasuwanni. Sai da aka yi mako 12 sannan ya biya, kuma kuɗin suka shigo daidai lokacin da siminti ya haukace. Buhun da na bari a dubu biyar da 'yan kai, a Fabrairun 2024 ya wuce dubu goma, har sai da Ministan Ayyuka ya zauna da masu kamfanonin siminti aka ce a dawo da shi tsakanin dubu bakwai da takwas. Na nemi ƙari, Alhaji ya ce na cinye masa kuɗi. Ana gobe azumi na zo na tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, da wani magini a ciki yana auna tagogi. Injin kwaɓa kankarena da katakon dekin duk suna ciki.

Ba kotu na fara zuwa ba. Mai unguwa ya zaunar da mu, limamin masallacinsu Alhaji ya zaunar da mu, har sau uku. Dattawan nan sun yi iya yinsu, amma abin da ke gabansu shi ne kada zumunci ya lalace, mu kuwa abin da ke gabanmu lissafi ne. Idan na ce fandesho ya ci ƙarin rodi tan kaza, Alhaji ya ce ƙarya ne, ba wanda zai iya cewa ga mai gaskiya. A zama na uku wani yaron Alhaji ya ce za su sa a kama ni. Barista ya ce kada in ko girgiza, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi. Daga nan muka shigar da ƙara, daga nan kuma aka maido mu.

A ofishinsa Barista ya buɗe min sakin layi na 27 ya fassara min. Ya ce duk saɓanin da ya taso daga wannan kwangila, ba kotu za a kai ba, za a miƙa wa mai raba gardama. Lauyoyi suna ce masa abitireshan, malamai kuma tahkimi. Na ce, "To ai sulhu ne, mun yi har sau uku." Ya girgiza kai. Ya ce a sulhu, mai shiga tsakani lallashi yake yi, in ka ga dama ka tashi ka tafi. Wannan kuwa alƙali ne da ku kuka naɗa da hannunku, kuna biyansa, in ya yanke ya yanku, kuma kotu za ta tilasta hukuncinsa kamar nata. Ya amsa min cewa ya san da sakin layin tun farko, caca ya yi. Doka ta ce wanda ke son a koma ga mai raba gardama dole ya nema kafin ya fara ba da amsa a kan ainihin ƙarar, in ya shiga ya fara kare kansa, ya zubar da damarsa. Barista ya yi zaton lauyan Alhaji zai yi sake, bai yi ba. Cacar nan ta ci min wata uku da kuɗin shigar da ƙara, kuma har yau ina ganin da ya gaya min kafin ya buga ta.

Wani abin mamaki, dokar da za ta hukunta mu ma ta canja bayan mun sa hannu. Lokacin da muka ƙulla kwangila, tsohuwar dokar 1988 ce ke aiki. Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa ranar 26 ga Mayu, 2023, kwana uku kacal kafin ya sauka, wato kwana uku kafin janye tallafin da ya jefa mu cikin rigimar. Tunda namu zaman bayan nan ya fara, sabuwar ce ta hau kanmu, kuma ta yi min rana ta fuska ɗaya. Takardarmu ba ta faɗi adadin masu raba gardama ba. A tsohuwar doka, in aka yi shiru, mutum uku ne. A sabuwa, mutum ɗaya. Da na ga abin da mutum ɗayan ya ci, na gode wa Allah da ba uku ba ne.

Barista ya rubuta wa Alhaji takardar sanarwa cewa mun fara, ya lissafa abin da muke nema, ya ba da sunaye uku. Suka ƙi duka ukun suka turo nasu, mu ma muka ƙi. Akwai kwana 30 na daidaitawa, in suka wuce sai a roƙi kotu ko wata cibiya ta masu wannan aiki ta naɗa. Saura 'yan kwanaki aka dace a kan wani dattijo, mai ƙiyasin kuɗin gini, irin waɗanda a wurin aiki muke kira Kiyu'es, ya yi ritaya, kuma ya yi karatun raba gardama yana da shaidarsa. Ni lauya ko tsohon alƙali na so. Barista ya ce, "Rigimarku ta kankare ce da rodi. Kana son wanda sai an yi masa wata biyu ana koya masa mene ne lintal?" Ya yi gaskiya. Kafin dattijon ya karɓa, ya rubuto wa ɓangarorin biyu cewa shekarun baya ya taɓa yi wa wani ƙanin Alhaji ƙiyasin gida, in akwai mai ƙorafi ya faɗa yanzu. Gabana ya faɗi. Barista ya ce doka ce ta wajabta masa bayyanawa, kuma wanda ya faɗa da bakinsa ba shi ne abin tsoro ba. Muka amince.

Zaman farko ba a taɓa maganar gini ba sam. A wani ɗan ɗakin taro na otal a GRA aka yi, mu bakwai. Aka tsara komai: Zariya ce mazaunin shari'ar, takardu da Turanci, shaida da Hausa ga wanda ya so, ni in kawo da'awata cikin kwana 21, Alhaji ya amsa cikin 21, in maida martani cikin 14. Sannan aka zo kan kuɗi. Ladan mai raba gardama, kuɗin ɗaki, kuɗin mai rubutu, kowa ya ajiye rabi kafin a ci gaba. Duk wanda ya ce maka wannan hanya ta fi kotu araha, ka tambaye shi ko ya taɓa bin ta. A kotu gwamnati ke biyan alƙali, a nan kai ne. Sai da na sayar da filina na Dogarawa. Abin da kuɗin ke saya maka shi ne lokaci da sirri: ba a ɗage zama don alƙali ya tafi taro, ba ka zama a benci kana jiran ƙararraki talatin su wuce, kuma ba mai leƙowa ya ji. Na lura sirrin nan ya fi damun Alhaji a kan komai, ɗan kasuwa ba ya son a ji ana bin sa.

Haɗa takardu shi ne inda na san na yi sakaci da rayuwata. Barista ya ce in kawo duk abin da ke da rubutu. Na kawo jakar leda cike da rasit, rabi sun goge, wasu ba kwanan wata, wasu na wani aikin ne daban. Ba ni da littafin wurin aiki. Ban taɓa rubuta wa Alhaji cewa jinkirin biyansa ya tsayar da ni ba, kullum a waya ne ko a zaure. Da'awata ta tashi miliyan 31: ƙarin farashi, ƙarin ayyuka, kuɗin aikin da na yi ba a biya ba, kayan aikina da aka kulle, da ribar da na rasa. Barista ya so ya ƙara kuɗin ruwa a kai, ya ce doka ta ba mai raba gardama ikon sa shi. Na ce a cire. Ya ce, "Ka san naira tana narkewa ko?" Na ce na sani, a cire. Alhaji kuma ya zo da tasa da'awar ta miliyan 22: tarar jinkiri dubu ɗari kowane mako kamar yadda takarda ta ce, kuɗin hayar zangon karatu guda da ya rasa, da gyaran aikin da ya ce na ɓata.

Dattijon ya sa aka zuba duk wannan a jadawali guda, kowane abu da layinsa: ga abin da na ce, ga abin da Alhaji ya ce, ga kuɗin kowa, ga gurbin da shi zai cike. Layi 41. Ban taɓa ganin rigima ta zama ƙarama a idona kamar ranar ba. Abin da muka yi wata shida muna kumfar baki a kai, da aka yanka shi gunduwa-gunduwa, sai ga shi a layi 13 ma ba mu da saɓani ko kaɗan.

Sai ranar zuwa wurin gini. Ya zo da tef da ɗan guduma da hular kwano, ya sa mai ƙiyasina da na Alhaji su auna tare, su sa hannu a kan kowane awo kafin a matsa. Ya sa aka tona gefen fandesho wuri biyu, zurfin ya fito yadda na faɗa. Ina cikin jin daɗi muka hau sama. Ya tsaya a bangon baya inda ba a yi filasta ba, ya ciro makullin motarsa ya karta bulo. Yashi ya zubo kamar gari. Bai ce komai ba, ya dube ni, ya rubuta. Ni na san abin da ya faru. Da siminti ya yi tsada, na ce wa mai buga min bulo ya ɗan ja hannu, buhun da muke fitar da bulo talatin da 'yan kai ya koma fitar da kusan hamsin. Na gaya wa kaina bangon sama ne, ba ya ɗaukar kaya. Ranar nan na ji kunyar da ban ji ba ko a gaban mai unguwa.

A nan ne kuma littafin ya fito. Muna shirin tafiya, dattijon ya tambaya ko akwai rajistar shige da fice ta ƙofa. Ni da Alhaji muka ce babu. Sai Baba Maigadi, wanda ni na ɗauke shi aiki tun ranar da aka fara haƙa, Alhaji kuma ya ci gaba da riƙe shi bayan ya kore ni, ya ce daga kan tabarmarsa, "Ranka ya daɗe, in na mota ne da kaya, ina da shi." Ya shiga ɗakinsa ya fito da littafin makaranta mai shafi tamanin, har guda biyu, an ɗaure su da roba. Da ajami ya rubuta su, da watannin Musulunci. Kowace tifa da ta shigo, kowane buhun siminti, ranar da aka yi aiki da ranar da ba a yi ba, ranar da Alhaji ya zo da abin da ya ce in ya ji. Ba wanda ya sa shi. Ya ce a wani wuri da ya taɓa gadi an ɗora masa satar siminti, tun daga ranar ya ɗauki alƙalami.

Lauyan Alhaji ya yi tsalle ya ce wannan ba hujja ba ce, ba hatimi, ba sa hannu, ba ma da boko aka rubuta ba. Dattijon ya ce Dokar Shaida ta 2011 da kanta ta ce ba ta hau kan zaman mai raba gardama ba, shi ke da ikon duba abin da zai karɓa da nauyin da zai ba shi, sharaɗi dai kowane ɓangare ya gani ya kuma sami damar yin tambaya. Aka ɗauki hoton kowane shafi, aka samo wani malami da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ya juya shi zuwa boko, aka daidaita watannin da na Turawa.

Zaman sauraro kwana uku ne. Na ba da shaida, lauyan Alhaji ya yi min tambayoyi awa huɗu, mafi yawansu iri ɗaya ne: "Ina ka rubuta?" Kwangila ta ce duk canjin aiki sai da rubutaccen umarni. Na fandesho akwai takardar injiniya. Na shaguna aka kunna muryar Alhaji a ɗakin, kowa ya ji shi yana cewa, "Malam, ka fitar min da shago huɗu ta bakin titi, za mu yi lissafi." Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na kwano kuwa ba ni da komai sai bakina.

Rana ta biyu aka kira Baba. Na tausaya masa, albashinsa a hannun Alhaji yake. Ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa. Lauyan Alhaji ya ce, "Baba, wa ya ce ka rubuta wannan?" Ya ce, "Ba kowa, ɗana." "Wa kake wa aiki yanzu?" "Alhaji." "To kana so ka ce Alhaji ne ya tsayar da aiki?" Ya ce, "Ni ban ce ba. Na dai rubuta daga farkon Jimada Awwal har ƙarshen Rajab ba a kwaɓa ko kwano ɗaya ba, kuma Malam ya zo sau tara yana tsayawa a ƙofa yana waya." Aka buɗe wani shafi, ga shi ya rubuta ranar da Alhaji ya zo ya ce kwanon nan na talakawa ne, a canja. Na ji kamar in tashi in rungume shi.

Sai lauyan ya juya wasu shafuka baya, ya ce Baba ya karanta na watan Muharram. Baba ya karanta: mota ta fita da rodi, Malam ya ce Tudun Wada za a kai, sau biyu. Haka ne kuwa. Ina da wani ɗan aiki a can da ya matse ni, na ɗebi rodin Alhaji da niyyar in mayar, kuma na mayar, amma bayan farashi ya tashi, sannan na sa bambancin a cikin da'awata. Barista ya dube ni, don ban gaya masa ba. Baba bai kalli kowa ba, ya rufe littafinsa ya maida robar.

Bayan lauyoyi sun miƙa jawabansu na ƙarshe a rubuce, muka jira mako bakwai. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki. Hukuncin ya zo shafi 58, da sa hannu da kwanan wata da dalilin kowane layi. Barista ya karanta min a zaune ɗaya.

Ƙarin farashi na gaba ɗaya, wanda shi ne rabin da'awata, ya faɗi. Dattijon ya ce kwangilarmu ta tsayayyen farashi ce, babu sakin layin da ya ce in kaya sun tashi za a ƙara, kuma tsada kaɗai ba ta warware alkawari. Wanda ya sa hannu a tsayayyen farashi ya ɗauki kasadar kasuwa a kansa, in kaya sun sauka ai ba zai maido da canji ba. "Ba za mu ɓata ba" kuwa, ya ce magana ce ta mutunci, ba ta faɗi nawa ba, ba ta faɗi yaushe ba. Amma ya ware wani abu da ni ban ma san ana warewa ba. Simintin da ya kamata in saya a Nuwamba, na saye shi a Fabrairu saboda Alhaji ya riƙe kuɗin dekin. Wannan ba kasuwa ce ta jawo ba, saɓa alkawarin biya ne, don haka bambancin farashin buhunan da littafin Baba ya nuna sun shigo a Sha'aban yana wuyan Alhaji. Mako 12 ɗin nan kuma aka ƙara min a wa'adi, tarar jinkiri ta ruguje, tunda ba ka hana mutum aiki sannan ka ci shi tarar rashin gamawa. Kuɗin hayar da ya ce ya rasa ma bai samu ba, an ce tarar da aka rubuta ita ce diyyar jinkiri da suka amince da ita tun farko, ba a haɗa biyu.

Fandesho da shaguna da kwano duk an ba ni, amma da awon da aka yi tare, ba da lissafina ba. A kan kwano ya ce ko da babu rubutu, mai gini ya ba da umarni da bakinsa, ya ga ana sawa, yana kuma amfana da shi, ba zai ɓuya a bayan sharaɗin rubutu ba. Korar da aka yi min ta saɓa ƙa'ida, domin takarda ta ce sai an ba ni gargaɗin kwana 14 a rubuce, ba a ba ni ko na awa ɗaya ba. Aka ce a sakar min kayan aikina. Daga nan aka juyo kaina: kuɗin rushe bangon baya da sake shi, nawa ne. Bambancin rodi, an soke. Ribar da na ce na rasa, an rage ta sosai don ban iya nuna ta a takarda ba. Kuɗin zaman kuma Alhaji ya ɗauki kashi biyu cikin uku, ni ɗaya. Da aka tara aka ɗebe, Alhaji zai ba ni miliyan 11 da dubu 400. Daga 31.

Na ce, "Barista, mu ɗaukaka ƙara." Ya ce babu. Wannan ita ce ƙofar da sakin layi na 27 ya rufe. Kuskuren lissafi ko na rubutu ana iya neman gyara cikin kwana 30. Neman kotu ta soke hukuncin kuma wata uku ne, amma ba don kana ganin ya yi kuskure a ƙiyasi ko a fahimta ba, sai in an hana ka kare kanka, ko ya yi hukunci a kan abin da ba a kai masa ba, ko an naɗa shi ba bisa yarjejeniya ba, da irin waɗannan. Sabuwar dokar ta zo da wani kwamiti na sake duba hukunci, amma sai in kun rubuta shi a yarjejeniyarku, mu ba mu rubuta ba.

Can ɓangaren Alhaji ma ashe wutar ce. Ɗansa na Abuja ya kira Barista yana cewa ai ko hukuncin P&ID an rushe shi, balle wannan. Barista ya ba ni labarin yana dariya. Wancan kamfani ne da ya ƙulla yarjejeniyar sarrafa iskar gas a Kalaba da gwamnatin Najeriya a 2010, masu raba gardama a Landan suka ba shi dala biliyan 6.6 a 2017, da kuɗin ruwa ta haura biliyan 11. A Oktoban 2023 wata kotun Ingila ta samu cewa da cin hanci da zamba aka samo hukuncin, shi ya sa ya faɗi. Ya ce ya tambayi yaron, "To a namu wa aka ba cin hanci, Baba Maigadi?"

Wata ukun suka cika ba su je kotu ba, kuma ba su biya ba. Barista ya shirya takardun da za mu kai Babbar Kotu ta amince da hukuncin a tilasta shi, wanda daga nan sai kamun kaya ko riƙe asusun banki. Ya aika wa lauyansu kwafi kafin ya shigar. Kwana huɗu bayan nan, bayan sallar isha'i, aka yi sallama a ƙofar gidana. Wan Alhaji ne da limamin nan da ya zaunar da mu tun farko. Liman ya ce, "Malam, yanzu da aka san adadi, sai a yi sulhu." Na yi dariya har na ji kunya, don gaskiya ya faɗa, abin da ya gagare su a da ke nan. Suka roƙi a biya kashi uku cikin wata shida. Na yarda, amma na ce sai Barista ya rubuta, kowa ya sa hannu. Wan Alhaji ya ce, "Haba Malam, har da mu?" Na ce, "Yaya, har da ku."

Kashi biyu sun shigo ta banki. Na ukun Alhaji ya aiko a tambaye ni ko zan karɓi masara a farashin ranar, na karɓa, na sayar da rabi, rabi muka ci. Filin Dogarawa dai bai dawo ba, kuɗin da na samu ba su kai su saye shi a farashin yanzu ba.

Littattafan Baba sun daɗe a hannun mai rubutun zaman, sai da na yi sawu biyu na karɓo su. Na same shi a ƙofar ginin, ɗalibai sun cika shi, shanya ta rufe barandar sama. Alhaji bai kore shi ba, wannan kam na yaba masa. Na miƙa masa, ya cire robar, ya lissafa shafukan ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa, ya ce sun cika. Na ba shi ɗan abin da na zo da shi a ambulan, ya ƙi karɓa, ya ce shi ba shaida ya sayar ba. Na ce to me zan yi masa? Ya ce in na tashi dawowa in taho masa da sabon littafi mai shafi tamanin da biro biyu, baƙi da ja, na ukun ya kusa cika.